Baba da Tashar da Ke Bin Ruwa

Na Allah ne mu, kuma can za mu tattara gaba ɗaya. Baba ya riga mu ranar wata Talata da hantsi, a tsakiyar sanyi, ruwa na cike har yana lasar matakala ta sama a sabuwar tasha. Surukina ne, mahaifin maigidana, amma shekara ashirin da 'yan kai da na yi a gidan nan ban san shi da wani suna ba sai Baba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci.

Bango ɗaya ne tsakanin kicin ɗina da zaure, kuma tagar da hayaƙi ke fita tana kallon ƙofar gida. Saboda haka a kwana bakwai na zaman makoki gaisuwa iri biyu na ji: wadda ake yi a kan tabarma, da wadda ake yi a waje wajen neman takalma. A kan tabarma bakin kowa ɗaya ne, mutumin kirki ne, an yi rashi, Allah ya ba da haƙuri. A wajen takalma kuwa sai murya ta sauya.

"Tsoho ya huta, mu ma mun huta," in ji wani mai muryar 'yan ofis.

"Ai yanzu sai tasha ta zauna wuri guda kamar ta kowa. Ruwa na ja da baya tifa za ta shigo da jar ƙasa."

Na ukunsu ya yi 'yar dariya ta hanci. "Wa ya taɓa ganin tasha da ƙafafu in ba a unguwar nan ba?"

Ina tuƙin tuwo ina jin su. Washegari su ɗin nan suka dawo, aka miƙa masu kwanuka, suka maido su wayam. Na so in tsuke hannu wajen miya, sai na tuna sadakar Baba ce, ba tasu ba.

Matan gungu, tsibiran da ke tsakiyar ruwa, su ba su iya gaisuwar tabarma ba. Kai tsaye suka shigo wurin Inna, matar Baba, da albasa da busasshen kifi a ƙwarya, suka zube a ƙofar ɗakinta. Wata doguwa a cikinsu, da yarinya 'yar shekara huɗu riƙe da bakin zanenta, ta ce da Hausarta mai karyewa, "Inna, wannan ɗiyar Baba ce. Ni dai haihuwa na yi." Inna ba ta gane ba, ni na gane, don na ji labarin tun ranar da abin ya faru. An kawo matar daga gungu da tsakar rana, kwananta biyu tana naƙuda, ruwa ya ja can nesa, tsakaninta da titi doguwar tafiya ce cikin laka. Baba ya tuge dirka biyu daga rumfarsa, ya sauke zanar da ke ba shi inuwa, aka ɗaure, aka kwantar da ita, maza huɗu suka bi turbar da ya shimfiɗa har bakin mota. Ran nan a rana Baba ya yini. Da ya dawo gida abin da ya fara cewa shi ne a ba shi ruwa a babbar moɗa.

Sai wani tsohon matuƙin jirgi, Bagunge, abokin Baba tun suna samari. Shi ko yabon ma bai yi ba. Ya zauna yini guda, da zai tafi ya tsaya a ƙofar zaure ya tambayi maigidana, "Ina dirkokin?" Maigidana ya ce suna bayan kicin. Ya ce, "To, kar a hura wuta da su." Ya sa takalmansa ya tafi.

Don waɗancan masu magana a wajen takalma nake wannan rubutu. Karatuna bai yi nisa ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya zubewa, kuma ba zan zauna a ajiye Baba a matsayin tsohon da ya tare wa unguwa ci gaba ba.

Ga wanda bai san wurinmu ba, tashar da ake magana ba babbar tashar kasuwar Yelwa ba ce. 'Yar ƙarama ce a ƙarshen gari, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Jiragen gungu ke tsayawa nan, da na ƙauyukan wajen Ngaski, ranar kasuwa kuma in babbar ta cika har na wajen Shanga sukan gangaro. Kafin a datse ruwa a Kainji, in ji Baba, tashar dutse ɗaya ce a gindin giginya biyu, kogi na wucewa ta gabanta, unguwa guda na bayanta da marinarta da masussukarta da makabartarta. A nan aka haife shi. Da tafki ya taso aka kwashe su zuwa tudu, cikin gidajen siminti, ruwa ya rufe sauran.

Sai dai ruwan nan ba ya zama. Daga ƙarshen damina zuwa ƙarshen sanyi yana cike. Daga nan sai ya fara ja da baya, kullum kaɗan-kaɗan, har zuwa tsakiyar wata daminar ya bar filin laka wanda kafin ka kai bakinsa an tafasa ruwa a tukunya an sauke. Tsohuwar unguwa ta fito, ba bango ba rufi, sai kututture da ramuka a ƙarƙashin taɓo. Wanda bai taka wurin yana busasshe ba, ba ya iya bambanta tudu da bakin rijiya.

Aikin Baba shekara da shekaru shi ne bin ruwan nan. Kayansa dirka shida ne, da gwangwala, da zana huɗu, da randa, da buta biyu, da benci ɗaya mai gurguwar ƙafa. Duk kwana goma ko sha biyu sai ya tuge ya matsa gaba, ya shimfiɗa turba da damman karan dawa da tsofaffin katakon jirgi, ya kafa sanda mai tsumma a kan duk kututturen da ke huda jirgi. In ruwa ya juyo, ya juyo da shi. A rumfar nan ake jiran jirgi, a nan ake salla, a nan ake barin saƙo, wance ta sauka lafiya, wane ya ce a aiko masa da taru. Yana jin Gunganci, yana jin Kambarci, faɗa kuwa da duka ukun yake yin sa.

A nan kuma ake barin ajiya. Akwai wani manomi, Kirista ne daga hayin ruwa, da ya jingina kekensa a rumfa ya ce zai dawo da yamma, sai ciwo ya kwantar da shi a garinsu. Baba ya yi ta tashi da keken nan, duk inda rumfa ta koma keke ya koma, ya gangara da shi har giginya, ya hauro da shi har tudu. Inna ta ce ya kawo gida mana a ajiye. Ya ce, "Ba gida ya ba ni ba, tasha ya ba." Bayan wata tara mutumin ya dawo a rame, ya tsaya yana kallon kekensa, Baba ya ce masa, "Kekenka ya fi ka ganin duniya. Sai dai ka sayi iska."

Ni sau biyu kacal na taka wurin. Na farko ranar da aka kawo ni amarya daga wajen Ngaski, kaina a lulluɓe, ban ga komai ba sai ƙafafuna da karan dawa, ina mamakin hanyar da ke ta karkacewa ba dalili. Na biyu da na je ta'aziyyar innata. Sauran duk da kunne na san shi, kuma ga yadda aka yi.

Da ƙafafun Inna suka fara ciwo, abincin Baba ya dawo hannuna. Suruki da matar ɗa ba sa hira, kowa ya san haka. Sai ya dawo da la'asar sakaliya, ya kife turmi a ƙofar kicin ya zauna, ya ba ni baya, ya buɗe kwano, ya fara magana da tuwo.

"Yau ruwa ya sauka kamu guda. Jibi in bar masussuka. Mutumin ga mai koren jirgi shina lodi awa wanda ya sayi rai biyu."

Ni kuma in ina da magana sai in gaya wa tukunya. "Tukunya, ki ce wa mai tuwo akwai ƙari." Sai ya ce wa kwano, "A ƙaro." Inna na ɗaki tana jin mu tana cewa, "Allah ya shirye ku, ku da tukwanenku." Haka muka yi shekaru. Duk inda ya kafa, duk abin da ya kauce wa, duk wanda ya ɓata masa rai, tuwo ya sani, ni ma na sani.

Ba zan ce Baba mai sauƙi ne ba. In na faɗa, Inna za ta ƙaryata ni daga cikin takaba. Yana da doka ɗaya da ba ta da ɗan'uwa: in jirgi ya gama lodi sai ya durƙusa ya sa tafin hannunsa tsakanin ruwa da bakin jirgi. In hannun bai shiga ba, jirgin ba ya tashi, ko wane ne a ciki. Goggo, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ta taɓa shirin zuwa biki a gungu da buhun gero uku. Kafin azahar sai ga ta ta dawo tana huci, ta faɗa ɗakin Inna.

"Ke, ji mijinki. Wai ko ni ko gero, ɗaya ya sauka. Gaban jama'a. Na ce mai nono guda fa muka sha. Ya ce shi ya sa ya san nauyina."

Inna ta ce, "To wa ya sauka?"

"Ni mana. Gero na da masu jira."

Wata uku ba ta gaishe shi ba. Shi kuwa da yamma ya ce wa tuwo, "Ta yi ta fushi. Gara ta yi fushi bisa tudu da in shiga nemanta da taru."

Sai aka ba mu jiha. Murna a Yelwa ba a magana, kowa na cewa yanzu abin da ke tsayawa a Sakkwato zai iso mu. Yaya, wan maigidana, babban ɗan Baba, ma'aikaci ne mai albashi, kuma shi ne sakataren kwamitin ci gaban unguwa. Ya yi ta zirga-zirga har aka yarda za a gina mana tasha ta zamani. Zan faɗi gaskiyarsa, don Baba ya yi. Da kunnena na ji yana ce wa maigidana, "Tsohon nan ya isa ya zauna a kujera ƙarƙashin kwano. Sai yaushe zai bar ɗaukar itace a ka kamar ɗan dako?"

Masu awo suka zo da sanyi, ruwa na cike. Baba ya bi su yana kallon igiyarsu. Da yamma tuwo ya ji rahoto: "Na ce masu su dawo bayan wata biyar su sake awo. Sun ce takarda ba ta jira. Na ce to, ruwan ga dai bai san da takardarku ba."

Aka yi gini. Kuma gini ne mai kyau, kar wani ya ce na ɓoye: rufin kwano, bencin siminti, famfo, makewayin maza da na mata, tagar yankan tikiti, matakala goma sha biyu masu sauka cikin ruwa, da ɗan ofis mai kujera da aka ce ta Baba ce. Sai dai kafin a shafa fenti ruwa ya tafi abinsa, matakala ta sauka cikin laka, awaki na hutawa a kanta. Bikin buɗewa sai da aka ɗaga shi har ruwa ya dawo, don manyan baƙi su ga jirgi a jikin siminti. Suka gani, suka tafa, suka tafi.

Abin da masu yi masa dariya ba sa faɗa shi ne Baba ya zauna a kujerar nan. Wata biyar yana ciki yana yabon famfo. "Abin ga shina da daɗi," in ji shi, "ka murɗa ka yi alwala, ba ka roƙi kowa ba." Ranar da ruwa ya bar matakala ta ƙarshe ne ya rufe ofis, ya kai wa Yaya mabuɗi, ya fito da dirkokinsa.

Kwamiti ya ce a'a. Tasha ɗaya ce, kowa ya jira a gini, in jirgi ya iso a yi kira a sauka. Rumfar zana a gaban sabon gini abin kunya ce, baƙi na gani. Ba wanda ya tambayi yadda mai goyo da buhu a ka za ta ji kira daga can, ta yanko laka, ta iske jirgi bai cika ba. Baba dai ya kafa rumfarsa. Bayan mako biyu aka aiko ƙarti suka tuge ta, suka tafi da ita.

Washegari ya ɗauki lemarsa da buta ɗaya ya je ya tsaya daidai inda rumfar take. Kwana uku yana zuwa yana tsayawa. Matuƙa kuwa tun daga nesa lema suke nema, inda take nan suke dosa. Masu goyo na karɓa-karɓa a inuwarta, shi yana gefe a rana. A rana ta huɗu dirkoki suka koma a kan amalanke, ba wanda ya ce shi ya aika. Ni dai da safiyar ran nan na ji muryar Yaya a ƙofar gida yana kwatanta wa mai amalanke hanya.

Da kwamiti ya ga haka sai ya fito da sabuwar dabara: a zuba jar ƙasa, hanya miƙaƙƙiya daga matakala har inda ruwa ke tsayawa, mota ma ta iya shiga. Yaya ya zo da zanen a takarda, ya iske Baba a kan turmi. Ran nan ba da tuwo aka yi magana ba.

"Baba, dubi nan. Miƙe take, ba kwana ko ɗaya. Ka huta da kara, mutane su huta da laka."

"Ta ina ta bi?"

"Ta nan, kai tsaye."

"Bayan masussuka mi ta taka?"

Yaya ya sake duban zanen.

"Kakarka na nan. Da ƙannena biyu, da liman, da Kambarin da suka mutu baƙunta aka ba su gefe. Kana makarantar kwana sa'ad da muka sa ta, kafin ka dawo hutu na biyu ruwa ya hau."

"Baba, shekara nawa ruwa na kwana a kansu? Me ya rage?"

"Ruwa ba a tambaye ni ba. Tifa kuwa ga ka nan kana tambayata."

"Masu rai ke shan wahalar laka, Baba."

"Shi ya sa nake shimfiɗa kara. Kwanar da nake yi taki ɗari ce. Wanda taki ɗari ya fi ƙarfinsa, ni in goya shi."

Na ji ƙarar takarda, Yaya na naɗe ta. Ya ce, "Dariya ake yi mani a ofis. Ana cewa ubana ya mai da ni abin wasa."

"Ka ce masu ubanka mahaukaci na. In na mutu ku zuba."

Damina guda ba su ci abinci tare ba. Inna ta yi kuka, Goggo ta shiga tsakani, ita da ta fi kowa sanin halinsa. Aka dai shirya a baki, gaisuwar safe ta dawo, amma takardar na nan a ofis tana jiran abin da Baba ya ce a jira. Shekara huɗu ya ƙara yana bin ruwa, yana jan ƙafa, numfashi na yi masa sama-sama, bai fasa tashi ko sau ɗaya ba.

Ciwonsa kwana tara ne. Ranar ƙarshe da ya iya zama a kan turmi bai ci ba, ya dai buɗe kwanon ya duba. Ya ce, "Bana ruwa zai yi saurin sauka." Na ce wa tukunya, "Allah ya kai mu." Sai ya juyo gaba ɗaya, ya dube ni, ya ce, "Amin, ɗiyata."

Bai yi ƙarya ba. Ba a daɗe da sadakar arba'in ba ruwa ya bar matakala. Yaya ya ce kar a fitar da komai sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuma na jiran ƙasa ta ɗan yi tauri tifa ta iya shiga. Mutane suka fara saukowa daga gini suna yanka laka kai tsaye, kowa da tasa hanyar, kullum kuma bakin ruwa na ƙara matsawa wajen makabarta.

Ranar Lahadi tsohon matuƙin nan ya dawo ya tsaya a zaure. Maigidana tela ne, a cikin gari ya girma wurin Goggo, ruwa ko a kwano ba ya son ya yi yawa. Tsohon ya ce masa, "Ni ruwa na sani, ban san ƙasa ba. Kai ɗansa ne. Tashi." Suka ɗauki dirkoki, su biyu da wasu matuƙa uku. Kafin azahar sai ga su sun dawo, maigidana laka har ƙirji, takalmi ƙafa ɗaya. Sun nufi inda ya yi masu kama da tudu, ƙasa ta buɗe da shi. Ba don gwangwalar da ke kafaɗarsa ta gicciye ba, da wani zaman makokin muke yi yanzu.

Ina zuba masa ruwa na ce, "Rijiyar gona ce. Kun bar kututturen tsamiya a dama. A hagu ake barin sa."

Ya ɗago ya dube ni. "Ke ina kika sani?"

"Shekara nawa ana gaya wa tuwo a gabana?"

Bai ko sake riga ba ya kira su. Suka tsaya a ƙofar gida, ni ina ciki, na faɗa masu ta tagar hayaƙi. Ga shi kuma na rubuta a nan yadda na faɗa, don kar a ce daga baya an manta.

Daga matakala ta ƙarshe a karkata dama, a bar kututturen tsamiya a hagu. A yi taki arba'in, ƙasa za ta yi tauri a ƙafa, masussuka ke nan, nan ake kafawa. In ruwa ya ƙara sauka kamu shida, kar a miƙe. A sake bin dama, akwai kututture uku a jere, duka a bar su a hagu, har a iske fasasshen dutsen niƙa, nan ne zango na biyu. Daga can a juyo, ramukan marina na dama, a yi nesa da su tsawon gwangwala biyu. Kututturen giginya na gaba, ba a wuce su.

Tsohon ya ce in maimaita. Sau uku na maimaita, yana juya wa sauran da Gunganci. Ranar Litinin rumfa ta tsaya a masussuka.

Talata bayan la'asar Yaya ya zo. Bai tsaya a zaure ba, ya shigo har tsakar gida, ya gaishe da Inna ta ƙofa, sannan ya nufo kicin. Na ja mayafi na gaishe shi, bai amsa da kyau ba.

"Uwar yara, ke kika tura su?"

"Ban tura kowa ba, Yaya. An tambaye ni na faɗa."

"Ke da sau biyu kika taka wurin. In wani ya faɗa rami wa za a kama? Ni za a kira ofis."

"Wanda ya faɗa rami ƙanenka ne, Yaya. Kuma kafin a tambaye ni ne."

Inna ta ce daga ɗaki, "Ka ji ta ko? Bakin ubanka na, kicin ya sauka."

Ya yi kamar bai ji ba. "Kwamiti zai zauna ranar Asabar. Maganar tifa ba a janye ta ba."

"To, Yaya. Allah ya sa su zauna lafiya. Alhamis ta sama dai rumfa za ta tashi, don ruwa na sauka."

Na ɗauka fita zai yi. Har ya kai bakin zaure, sai ya dawo taki biyu. Ya rage murya, yadda Inna ba za ta ji ba.

"Kututturen nan uku. Kakata tana wajen wanne?"

"Na tsakiya. Taki bakwai ta hagunsa. Ƙannen Baba na wajen ƙafafunta. Duk shekara ranar da ya wuce ta sai ya faɗa."

Bai ce ya gode ba, bai ce ya yarda ba. Ya ciro biro da wata tsohuwar ambulan daga aljihun gaba, ya rubuta, ya tambaye ni, "Bakwai?" Na ce bakwai. Ya mayar aljihu ya fita.

Ban san abin da za a yanke ranar Asabar ba, ba a kiran irina wurin. Tifa na iya zuwa. Amma in ta zo za ta iske turba a shimfiɗe da mutane a kanta, kuma direbanta sai ya tambayi sakataren kwamiti ta ina zai bi. Sakataren kuwa yanzu ya san wanda ke kwance a ina.

Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa shi da mahaifiyarsa da ƙannensa a gidan da ba a tashin kowa. Ya ba Inna haƙuri, ya sanyaya zuciyar Yaya, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Har yanzu ana zuwa gaisuwa daga nesa, muna godiya, Allah ya ba da lada. Sai dai turbar Alhamis na bukatar kara, wanda na tara bai kai rabi ba. Duk mai zuwa yi mana ta'aziyya daga yau, ya zo da dami ɗaya a ka.